Yadda Koci Nababa Ya Auna Ukasha a Kan Ƙanƙara

Da sunan Allah, wanda ya halicci zafi ya bar mana, ya halicci sanyi ya kai shi can nesa inda ya ga dama. Bayan haka, wannan tarihin gwarzo ne ɗan gwarzo, Koci Nababa ɗan Lawwali Mai Tsaron Gida, ɗan Tanko Ƙafar Hagu, ɗan Ɗanbaba wanda zuriyarsa, su kaɗai, suka ruwaito cewa shi ne ya fara ɗinka ƙwallon tsumma a Malumfashi. Bijimin bakin layi, ma'abucin usur mai tsai da zakara a tsakiyar cara, mai idon da ke gane ɗan wasa tun yana goye a bayan uwarsa, jagoran ƙungiyar Guguwar Bakin Kasuwa na tsawon shekara ashirin da biyu, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe sau ɗaya aka cuce ta. Mu kuwa mutanensa, mazauna bencin gidan kallon ƙwallo, da kowannenmu ya fi kocin Turai sanin wanda ya kamata a cire, tuntuni muka yi masa mubaya'a, domin shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa mallakar usur.

A wata shekara ƙaddara ta ɗauki wannan bawan Allah ta kai shi ƙasar Kanada, ziyara wurin ƙanensa Injiniya Hamisu a birnin Winnipeg, garin da sanyinsa ke sa dattijo ya tuna zunuban da ya manta. A can ya tarar da Ukasha, ɗan Hamisu, mai shekara goma sha biyar, haifaffen ƙasar, wanda ba ya da zance sai na hoki, wasan da ake yi a kan daskararren ruwa. Wata makarantar horar da 'yan wasa a wani lardi ta aiko masa da takardar gayyata, kuma sai uba ya sa hannu kafin Litinin, in ba haka ba gurbin ya tafi ga wani. Hamisu kuwa mutum ne da tun yana yaro ko lemon tsami bai taɓa shura da ƙafa ba, tsoronsa kada yaro ya rasa haƙora ya rasa karatu a banza.

"Yaya," in ji shi a kan tuwon dare, "ni ban san kan abin nan ba. Gobe Asabar suna da wasa, ka duba min shi da idonka. In ka ce yana da baiwa, zan sa hannu. In ka ce babu, ya rataye takalman nan ya kama littafi, magana ta ƙare."

Ukasha ya tsaya da loma a hannu, yana kallon baffansa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Nababa ya gyara zama, ya shafa gemu, ya furta kalmar da tarihi ba zai yafe masa ba.

"Ƙwallo ai ƙwallo ce, Hamisu, ko a kan ruwan zafi ake buga ta."

Da gari ya waye gwarzo ya yi ɗamarar yaƙi. Ya zura wando uku, ya ɗora suwaita biyu, ya rufe da babbar rigar shadda shuɗiya mai sheƙi, ya kafa hula, ya sa takalmin fata sau-ciki mai santsin ƙasa, ya soke littafin aljihu da biro, ya fito yana tafiya ƙafafu a ware saboda yawan wando. Bayan azahar tawaga ta mutum biyu ta isa fagen fama, wani makeken ɗaki mai rufi, da farin fili a tsakiya an kewaye shi da katanga da gilashi, jama'a kuma sun zauna sahu-sahu, kowa numfashinsa na hayaƙi. Sai ga rundunoni biyu sun ɓullo cikin sulke da kwalkwali, kowane da sanda mai lanƙwasa a hannu da wuƙa a ƙarƙashin takalmi, ba a bambanta Bature da Bahaushe. Hamisu ya nuna masa lamba goma sha bakwai, ya ce shi ne nasu.

Masifa ta farko ita ce ƙwallon. Ba ƙwallo ba ce, wani baƙin faifan roba ne mai kama da daddawa, kuma tun da alƙalin wasa ya sake ta daga hannunsa, idon nan da ke gane ɗan wasa a goye bai ƙara ganinta ba. Sai dai ya ji ƙas a nan, ƙas a can. Giwa a garin wani zomo ce, amma zomon nan bai yarda a gane ba, ya riƙa juya kai tare da jama'a, dama da hagu, kamar mai sallame salla, yana gyaɗa kai irin na masana.

Ana cikin haka ya ga abin da ya daskarar masa da jini fiye da sanyin ɗakin. Ko minti ɗaya ba a yi da farawa ba, sai ga lamba goma sha bakwai ya nufi benci, ya tsallake katanga ya zauna, wani ya shiga a madadinsa. An cire shi! A Malumfashi, ɗan wasan da aka cire kafin hutun rabin lokaci sai ya yi mako bai leƙa majalisa ba, uwarsa ma ba ta zuwa gidan biki. Nababa ya zaro biro, ya ja layi ɗaya a littafinsa. Can ya ga yaron ya koma ciki, ya yi hamdala, ya ce an gane kuskure. Kafin ya shafa addu'a an sake cire shi. Ya ja layi na biyu. Da yake idonsa na kan ɗansu kaɗai, kuma duk masu kwalkwali kamarsu ɗaya, bai lura cewa haka ake yi wa kowa ba. Layi ya bi layi, uku, bakwai, goma sha biyu, har shafin ya koma kamar zanen fuskar mutanen da.

Abin bai tsaya nan ba. Sau uku yana ganin Ukasha ya ratsa mutane ya tunkari raga, daga shi sai mai tsaron gida, maimakon ya ɗirka, sai ya karkata sanda gefe, wani can ya zura, jama'a su tashi da ihu suna rungumar ɗan wani. Nababa ya gane ciwon nan take, domin ciwon gidansu ne. Kara ce ta yi wa yaron yawa, irin ta mai miƙa wa baƙo tsokar ƙarshe shi ya kwana da yunwa. Ya rubuta da manyan baƙi: kunya a gaban raga.

Da aka busa ƙahon tashi, layuka sun cika goma sha tara. Zuciyarsa ta yi nauyi ƙwarai, domin yana ƙaunar yaron, amma hukunci hukunci ne. Ya miƙa wa ƙanensa littafin.

"Sai haƙuri, Hamisu. Wanda kocinsa ya cire sau goma sha tara a wasa ɗaya, ba sai an tambayi malami ba."

Hamisu ya ninke takardar gayyata ya mayar aljihu. Daga can ƙasa Ukasha ya ɗago sanda yana murmushi, don sun ci wasan, sai ya ga hannun mahaifinsa na fitowa daga aljihu, ya ga fuskokinsu, ya sauke sandar a hankali.

Wannan sauke sanda shi ya tayar da jinin Tanko Ƙafar Hagu. Yaro ba shi da baiwa, an ji, amma wace ce za ta wulaƙanta jikan Lawwali sau goma sha tara a bainar jama'a ta tafi gida ta ci abinci? Kocin, wata Baturiya mai suna Brenda, tana tsaye a ɗaya gefen filin. Akwai hanya ta zagaye, amma jarumai ba sa zagaye, ga kuma wata 'yar ƙofa a buɗe a jikin katanga. Ya tattare riga, ya kurma ihun da ya saba girgiza rafali da shi.

"Ina kocin nan take! Sai ni na Lawwali, usur mai tsai da gari!"

Taku na farko ƙanƙara ta karɓe shi da ladabi. Taku na biyu ta ƙyale shi. Ya yi na uku har na bakwai da ƙarfin fushi kaɗai, sannan ƙafafun da suka yi zaman lafiya shekara sittin da ɗaya suka raba gari, ta dama ta yi gabas, ta hagu ta yi hijira ba sallama, hannuwa suka shiga iyo a iska, babbar riga ta buɗe kamar laima, hula ta yi gaba ita kaɗai don kai labari, kuma bijimin bakin layi ya tashi sama gwargwadon abin da Allah ya ƙaddara masa, ya sauko da mazaunai da wata irin ƙara da masu ruwaya suka ce wando uku ba su rage komai daga cikinta ba. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya juya sau biyu a zaune yana gaida jama'ar kowane ɓangare. Daga ƙuryar fili kuma aka buɗe babbar ƙofa, motar da ke goge ƙanƙara ta fara leƙo da hanci.

"Wayyo Allah, Hamisu!" Wannan shi ne kirarinsa na biyu.

Bai ga tahowar yaron ba. Ya dai ji shuu, garin ƙanƙara ya watsu a gemunsa, sai ga lamba goma sha bakwai tsaye cak a gabansa, kamar an dasa shi.

"Baffa, kar ka tashi. Zauna a kan rigarka, ɗaga ƙafa, ba ni hannu."

Ukasha ya kama hannuwansa biyu ya ja shi, yana gudu da baya. Da baya! Idonsa na kan fuskar baffansa, ƙafafunsa na saƙa da kansu, ɗaya na haye ɗaya ba ƙara ba tuntuɓe, ya kauce wa 'yan wasa masu musabaha, ya zagaye masu jan raga, bai waiwaya ba ko sau ɗaya, sai ka ce da ido a ƙeyarsa. Shadda kuwa ta ba da haɗin kai. Da suka kusa tsakiya yaron ya kalli hagu, har Nababa da mai motar da duk ɗakin suka sakankance hagu za a yi, sai ya murɗa ya saki baffansa dama. Gwarzo ya tafi shi kaɗai a zaune, ƙafafu a sama, ya bi ta wata 'yar kafa tsakanin alƙalan wasa biyu, ya nufi ƙofar da babu kowa a bakinta. Ya rufe ido ya fara kalmar shahada. Daidai lokacin da ya isa, wani dogon abokin wasan Ukasha ya iso wurin ya tare shi da gwiwa, a hankali kamar an miƙa masa kwai.

A wannan tafiya ta zira'i ashirin Allah ya buɗe wa Nababa abin da littafi bai buɗe masa ba. Shekara ashirin da biyu yana tsage maƙogwaro a bakin layi, yana roƙon 'yan Guguwa su aika ƙwallo inda mutum zai je, ba inda yake tsaye ba, bai samu mai yi ba ko ɗaya. Yau ga shi an yi da shi.

Aka kwantar da shi rub da ciki a ɗakin ba da agajin gaggawa, aka ɗora masa jakar ƙanƙara a inda ƙanƙara ta yi ɓarna. Brenda ta shigo duba shi, Hamisu ya nuna mata layukan yana fassara. Ta ƙirga, ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce lissafin daidai ne, kuma babu wanda ya kai shi a ƙungiyar. A wasan nan, in ji ta, ba mai iya minti ɗaya yana gudu bai fito ya sha iska ba, kowa fita yake, wanda aka fi amincewa da shi kuma shi ake yawan mayarwa. Ƙwallaye ukun nan ma an rubuta sunansa a jikinsu, don shi ya haɗa su. Ashe masanin Malumfashi ya ƙirga fita, ya manta da ƙirga shiga.

"To, Yaya," in ji Hamisu, ya kalli littafi ya kalli wansa, "ita kocinsa ce, dole ta yabe shi. Ni maganarka na ce zan bi. Wanne zan ɗauka?"

Ƙarya ta zo wa Nababa har bakin leɓe, kyakkyawa, da ɗinkinta: ya ce da gangan ya faɗi don ya gwada yaron, layukan nan kuma sirrin koci ne. Da ya faɗe ta, wallahi da mu a benci mun gaskata, har mu ƙara mata gishiri. Amma Hamisu ba ɗan benci ba ne, in ya ji ƙamshin wasa a maganar ba zai zaro takardar nan ba. Ga Ukasha a bakin ƙofa, kwalkwali a hannu, gumi na bin wuyansa, ko takalmin bai cire ba. Kunya ta kama dattijo irin wadda bai taɓa ji ba, ya juyar da fuska ga bango.

"Hamisu, tun da muka shigo ɗakin nan ban ga daddawar nan ba ko sau ɗaya. Abin da na gaya maka ɗazu iska ce, yaga shafin nan. Amma ni da kaina aka buga, na kuwa san hannun da ya buga ni. Ban taɓa horar da kamarsa ba. Sa masa hannu."

Hamisu ya zaro takarda ya warware ta, ya duba ɗakin, babu tebur, babu ko kujera. Nan tarihin ya tsaya, Allah ya rufa mana asiri a garin da ba mu san kansa ba. Masu ruwaya dai sun haɗu a kan cewa a gadon bayan Koci Nababa ɗan Lawwali ɗan Tanko aka shimfiɗa takardar, tsakanin kafaɗa da jakar ƙanƙara, kuma da ya ji tsinin biro ya zabura, sai Ukasha ya dafa shi.

"Baffa, don Allah kar ka motsa, sa hannun zai karkace."

Bai motsa ba.