Ranar da Gajimare Ya Ƙi Babban Injiniya

Duk Gaya, daga tasha har bakin gadar Malanbil, babu kan da ya kai na Mushe Alfari, wato Malam Alfari a Faransance, nauyi. Shi ya sa yake tafiya a hankali, kada ilimin ya zube. Shi ke kula da ordinater, wato kwamfuta, a biron sandika, ofishin ƙungiyar masu kamiyo, manyan motocin kaya, shi ne kuma ya kwashe takardun motoci kaf ya kai ma'ajiyar intanet da ake kira gajimare. Direbobi suka laƙaba masa Sarkin Sama. Ya ɗauka yabo ne.

A can sama kowace takarda da cikakken sunanta, kuma ba ta buɗuwa sai sunan ya dace da na jerin izini. A wasu wuraren lambar mota ta wadatar. Mushe kuwa ya jera ƙasa, jiha, gari, biro, sannan ya kafa "injiniya-alfari" a tsakiya kamar tuta.

"Suna shi ne tsari," yakan ce, yana gyara tabarau. "Ku ƙarfe kuke tuƙawa, ni bayanai."

Sai ya je horon kwana uku a Yamai, ya dawo da takardar shaida. Litinin da safe ya sauya sunan kowace takarda zuwa "babban-injiniya-alfari". Jerin izini ya bar shi da tsohon suna, don babban mutum ba ya waiwaye.

Da hantsi Sumana, direban da ya ɗauko albasa, ya shigo neman takardar tsallaka gada. Rana na dukan buhuna, albasa kuwa ba ta san haƙuri ba.

Mushe ya danna da yatsa ɗaya, cikin ƙasaita. Gajimare ya ce bai san wannan suna ba. Ya sake dannawa, da yatsa biyu.

"Rezo ne. Matsala ce daga Turai, ba za ka gane ba."

"Mushe, rezo ƙalau yake a wayata," in ji Sumana. "Ni dai albasata ta fara wari."

Direbobi suka cika biro, kowa na leƙen allo. Mushe ya nufi jerin izini don ya gyara, ya tarar shi ma ya kullu, domin har shi ya yi wa sabon suna. Girman kai rawanin tsiya. Hanya ɗaya ta rage.

A gaban direbobi goma sha biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya goge "babban" harafi bayan harafi. Nan take takarda ta buɗe. Sumana ya karɓa, ya yi godiya har da rusunawa, ya tayar da kamiyo.

Kwana uku Mushe ya yi a Yamai yana neman girman nan. Gajimare bai bar shi ya kai azahar da shi ba.