Ranar da Injina Ya Zaɓi Muryata

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin rufe lakol, wato makarantar boko, na Gazawa, a shekarun farko na 'yancin kai. Ni ne mushe, wato malami, mai koyar da lissafi, kuma nakan taɓa gyaran rediyo, abin da ya sa na ɗauki kaina gwani.

Wanda zai yi jawabi a madadin iyaye shi ne Alhaji Barmo, baban Hadiza, wadda nake nema da aure. Alhaji yakan fara magana kamar mai raɗa, sai ya daka tsawa ba sanarwa. Na yi wa direkta alkawarin haɗa abin da zai daidaita muryar a amsa-kuwwa.

Na kankare baƙin fentin wani taranzisto na cikin rediyo, don idan an tsiraita shi yana jin haske. Na sa shi fuska da fuska da ƙwan tocila cikin kwalin ashana. Murya ta yi ƙarfi, ƙwan ya haska, sauti ya ragu. A ɗakina ya yi aiki lafiya lau (ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa, wannan ban lissafa ba).

Ranar biki aka aje teburin a fili, rana tsaka. Haske ya shiga ta kowace kafar kwalin. Alhaji ya fara jawabi, bakinsa na motsi, ba a jin komai. Na karɓi mikro daga hannunsa da ladabi, na sunkuya a kan injin. Babbar rigata ta yi masa inuwa, sauti ya dawo gaba ɗaya, ni ban sani ba. A nan na ce wa kaina:

"To, ko an ji ma, ai zancen gyaɗarsa ne na kullum."

Har masu tallan fura a bakin kasuwa sun ji. Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi zafi. Alhaji ya miƙo hannu a natse, ya karɓi mikro.

"Ɗana, tsaya yadda kake, kada ka motsa. Ga alama haka injin yake so."

Haka na tsaya a sunkuye ina yi wa kwalin ashana inuwa, har ya gama zancen gyaɗa tun daga shuka har awo.

Ya ba ni Hadiza, bayan ya ja ni damina biyu. Tun daga ranar nakan gwada kayana a rana, ra'ayina kuwa a ɗaka.