Ranar da Mai Girma Ya Bi Layi

Yau da safe al'adun gargajiya suka kayar da ni a gaban kantin burodi. Ina tafe cikin yayyafi, takobin katako a hannun dama, lema a hagu, hula mai gashin tsuntsu a ka, sai na ɗora ƙafa a kan ɗaya daga cikin faya-fayan tagullar nan masu ɗauke da maganganun magabata da majalisar garinmu ta kafa a daɓen gefen titi. Wanda bai taɓa taka jiƙaƙƙiyar tagulla ba bai san santsi ba. Ƙafafuna suka yi sama, lema ta yi gabas, ni kuwa na sauka da mazaunai a kan maganar da mahaifiyata take yi duk sa'ad da abu ya lalace ya wuce gyara. Na miƙe, na dubi faifan, na ce masa, "Yi haƙuri." Wata mata da ke wucewa ita ma ta ce mini, "Yi haƙuri," alhali ko kusa da ni ba ta zo ba. Ku riƙe wannan a ranku, domin ciwon Ingila ke nan gaba ɗayansa.

Kun san yadda abin ya faro. Wani daga cikin manyanmu ya ji a rediyo cewa maganganu da yawa da muke yi kullum daga bakin 'yan wasan kwaikwayo na shekara ɗari huɗu da suka wuce suka fito. Gaskiya ne kuwa. Abin da direban bas yake cewa in an sa shi wahalar banza, abin da kakata take faɗa a kan mai kishi, abin da muke furtawa a bayan baƙon da ya ishe mu da zarar ya ja ƙofa, duk a kan dandamali aka fara jin su. Ranar da na gano haka a ɗakin karatu na gari, hawaye na yi, har mai kula da littattafai ta miƙo mini hankici. Ji na yi kamar matattu sun bar mana tufafinsu, muna ta sawa, har yau ba su yage ba.

Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Kalmomi, Uban Tagulla, Gatan Almakashin Yanke Ƙyalle, shi bai yi hawaye ba. Kwangila ya hango. Kafin mu ankara an farfasa gefen titi tun daga gada har kasuwa, an binne maganganun magabata ɗaya bayan ɗaya, domin 'yan yawon buɗe ido su riƙa tafe suna karatu suna karyewa. Ɗakin karatun da na yi kukan nan a ciki yanzu ya fi zama a rufe, wai babu halin biyan wuta. Bas ɗin ƙauyuka an soke shi. Amma Allah ya saka wa Mai Girma, duk wanda ya rasa bas zai iya takawa gida a kan hikima.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne Zauren Hatsi, tsohon ɗakin nan da ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo take yin wasa a cikinsa kowane lokacin sanyi. Kwamiti ya ga cewa masu yawo a kan tagulla suna bukatar inda za su sayi kofunan shayi da tawul masu ɗauke da maganganun. Sai aka yanke cewa a kori masu faɗar maganganun nan da baki, a zuba kofuna a wurinsu.

Bana kuma ni aka ba saurayin wasan, matuƙin jirgin ruwa da ya dawo gida ya tarar da wadda yake so. Mai fitowa a matsayin wadda yake son kuwa Bryony ce, mai aiki a asibitin dabbobi. Jama'a, na karanta littattafan soyayya har idona ya fara neman tabarau, amma in na haɗu da Bryony a hanya, iyakar abin da ke fita daga bakina shi ne, "Yau ma da alama za a yi ruwa." A cikin wasan nan akwai wurin da zan durƙusa in faɗa mata komai, tsawon shafi guda, ba mai katse ni. In aka rufe zauren, ni da hasashen yanayi ke nan har tsufa.

An kira taron jin ra'ayin jama'a. Kafin ranar, maƙwabcina Mista Bodfish, tsohon mai gyaran famfo, ya rantse a mashaya cewa sai ya yi kaca-kaca da su.

"Kai dai ka zuba ido, ɗan littafi," in ji shi. "In na buɗe baki, sarƙar mulkin da ke wuyan mutumin nan da kanta za ta tsinke."

"To ni ma na rubuta jawabi, Mista Bodfish."

"Naka ai kuka za ka yi a tsakiya. Bar mini su."

Ranar taro aka jera shayi da biskit. Mai Girma ya tashi ya yi jawabi, ya yi ta saƙa maganganun magabata a ciki kamar shi ya haife su. Mutumin nan sau ɗaya ya taɓa zuwa wasanmu, kuma da aka ba da hutun tsakiya ya tafa, ya yaba da yadda aka ƙare labarin, ya tafi gida. Da ya gama aka ce mai magana ya zo wajen makirfo. Muka tashi cikin fushi, muka yi abin da muka iya: muka ja layi.

Mista Bodfish ne a gaba. Ya gyara murya, fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Ku yi haƙuri da ɓata muku lokaci. Da farko na gode da biskit. Ni dai gani nake abin bai yi daɗi sosai ba. Amma kun fi mu sani." Ya koma ya zauna yana huci, ya ce mini, "Ka ji yadda na gasa musu?"

Ni ne na biyu. Sai na waiwaya na ga Misis Tustin, shugabar ƙungiyarmu, wadda take riƙe da mabuɗin zauren tun kafin a haife ni. Yaya za a yi in yi magana kafin ita?

"Bismillah, Misis Tustin, ki wuce."

"A'a, ɗana, ka riga ni."

"Don Allah ki wuce."

Ta wuce, sai ta ga wani dattijo mai sanda a bayana, ta ce sam ba za ta sha gabansa ba. Dattijon ya ce shi a gidansu ba a koya masa shiga gaban mata ba. Muna cikin wannan kai ka wuce, ke ki wuce, sai magatakarda ya dubi agogo ya ce lokaci ya yi. Aka rubuta cewa jama'a sun halarta da yawa, an yaba da biskit, ba a sami mai adawa ba. Muka taya su tattara kujeru.

Yau ce ranar miƙa mabuɗi. Ma'aikata za su zo su kwashe kayanmu, Mai Girma zai zo da mai ɗaukar hoto a ɗauke shi yana karɓa. Misis Tustin ta aiko mana cewa kowa ya zo da sassafe cikin kayan wasansa, shi ya sa tagulla ta same ni da takobi. Na isa ina ɗingishi, na tarar da ita a bakin ƙofa, ƙofa a kulle, mabuɗi a jakarta.

"Ku ja layi," ta ce.

"Layin me, Misis Tustin?"

"Layi dai. Ladabi ne ya cinye mu a taro, yau kuma shi za mu ci."

Muka jeru a jikin bango, sarki da bawa da matuƙin jirgi mai laka a wando. Motar ma'aikata ta iso. Babbansu, wani ƙato mai zane a damtse, ya sauko ya dube mu.

"Inna, layin shiga ne wannan?"

"Shi ne, ɗana."

Ya sosa ƙeya, ya juya ga mutanensa. "To, ku zo mu bi baya." Suka bi.

Masu wucewa suka ga layi. Kun san mu, ba ma iya ganin layi mu wuce, kada a ce ana raba wani abu. Mai kai wasiƙu ya shiga, wasu mata biyu da kwandunan cefane suka shiga, aka fara tambayar juna, "Kai ne na ƙarshe?" Kafin Mai Girma ya iso, layi ya kai kantin burodi.

Ya sauko daga mota, sarƙar mulki tana walƙiya a ƙirji, ya nufi ƙofa kai tsaye. Sai wata tsohuwa ta yi ɗan tsaki, Mista Bodfish ya yi gyaran murya, mai hoto kuma ya ɗaga kyamara. Na ga ƙafar Mai Girma ta tsaya a iska. A ƙasar nan kana iya rufe ɗakin karatu a sake zaɓenka, kana iya soke bas a ba ka lambar yabo, amma a ɗauke ka hoto kana tsallake layi, ko matarka ba za ta ƙara gaishe ka a kasuwa ba. Ya yi murmushi, ya juya, ya taka har kantin burodi ya tsaya a bayan wata mai kare.

Misis Tustin ta tafa hannu. "To, tunda jira muke, a fara daga farko."

Muka yi wasan a nan, a tsaye, kowa a gurbinsa, muna ɗaga murya don na baya su ji. Yayyafi ya jiƙa gemun sarki har ya saɓule. Ma'aikata suka riƙa yi wa mugun da ke cikin wasan ihu. Da aka zo hutun tsakiya na leƙa na ga Mai Girma yana duban motarsa kamar mai ƙishi, amma in ya fita ya rasa wurinsa. Haka ya tsaya. Karon farko a rayuwarsa da ya ga ƙarshen wasan kwaikwayo.

Da wurina ya zo, na durƙusa a cikin ruwa a gaban Bryony. Na faɗa mata duka, shafin nan gaba ɗaya, kuma kamar yadda Mista Bodfish ya faɗa, na yi kuka a tsakiya. Har ƙaton nan mai zane ya share hanci da bayan hannu. A wasan, kamata ya yi ta juya mini baya. Sai ta sunkuyo, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Kieran, akwai laka a kunnenka."

"Yi haƙuri."

"Ka daina ba ni haƙuri. Ranar Asabar ba na aiki. Ka zo ka sake faɗa mini, amma da bakinka, ba da bakin mamaci ba."

Sannan ta juya mini baya, kamar yadda aka rubuta.

Da aka gama, aka tafa, Misis Tustin ta buɗe jaka. Ta bi layin har ƙarshe, ta danƙa wa Mai Girma mabuɗi, domin ta yi alkawari. Na ga hannunta ya ɗan daɗe a kansa kafin ta saki. Ta ce masa, "Ƙofar tana cijewa, sai ka ɗaga ta kaɗan." Ya ce ya gode. Ta ce ba komai. Muka taya ma'aikata ɗaukar kayanmu zuwa mota.

Da yamma majalisa ta fitar da sanarwa, da hoton layinmu tun daga ƙofa har kantin burodi. A ƙasa an rubuta cewa ɗimbin jama'a sun yi dafifi cikin ruwa, suna ɗokin buɗe sabon kantin kofuna. Ga ni nan a tsakiyar hoton, a durƙushe, hannu a ƙirji, da alama ni na fi kowa son kofi.

Yanzu dai ina zaune ina neman abin da zan faɗa ranar Asabar. Duk maganar so da ta zo mini, in na juya ta sai in ga ta mamaci ce, kuma kwamiti ya riga ya buga ta a jikin tawul. Nawa na kaina guda ɗaya na samu, shi ne da alama za a yi ruwa. Ina roƙon Mai Girma, ranka ya daɗe, kada ka sa a zuba wannan a tagulla kafin in yi amfani da shi.