Ranar da Na Miƙe Talabijin

Ba zan taɓa mantawa da jeren Hassana ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bari ba. Hassana ɗiyar wana ce, an kai ta Kankiya daga gidanmu na Kusada. Ni kuwa a danginmu ba a jere sai da ni. Ni ke cewa a sa gado nan, a ja kujera can, babu mai musu (yanzu na gane tsoron bakina ake yi, ba iyawa ba).

Ƙanenmu da ke aiki a Abuja ne ya aiko wa amarya talabijin da kayan sautinta, ya ce irin ta manya ce. Malam Sabi'u, direban unguwarmu, ya kwaso ta da sauran kaya a motarsa. Na sa aka farke kwalin, aka ba mata suka shimfiɗa a tsakar gida suka zauna. Da aka fito da ita sai na matsa na duba. Abu siriri kamar faranti, kuma a lanƙwashe, gefe da gefe sun tanƙwaro ciki. Na duba inda lasifiku suke, ina jiran manyan akwatuna irin waɗanda na sani, masu kai wa mutum ƙugu. Babu. Sai wani dogon baƙin abu kamar taɓarya.

Raina ya ɓaci. Dangin ango na hanya za su zo ganin ɗaki, a ce mun kawo musu lanƙwasasshiyar talabijin? Na fita ƙofar gida ko mayafi ban gyara ba.

"Malam Sabi'u! Mi ka ɗora bisa talabijin ɗin ɗiyata? Kuma ina lasifikun?"

"Wallahi Hajiya, abin da aka ba ni shi na kawo. Ko rami ban faɗa ba."

"To aljanu suka tanƙwara ta halan?"

Na wanke bawan Allah tas a gaban mutane, har da cewa ya musanya mana kaya a hanya. Ya yi rantsuwa har idonsa ya yi ja, ya ja motarsa ya tafi.

Na dawo ciki ina huci. Na taɓa ganin yadda kafinta ke miƙe ƙyauren da damina ta tanƙwara, ya kwantar da shi ya danne da nauyi. Na ce a kifa ta kan katifa. Ƙanwata Larai ta ce, "Yaya, mu jira maza su gani mana." Na ce ta rufe mini baki, tun tana goyo nake jere. Na sa aka ɗauko buhun shinkafar gara, aka ɗora a bayanta. Da na ga ba ta miƙe sosai ba, sai na ɗan hau na zauna (na ce "ɗan", amma wanda ya san ni ya san ba ni da ɗan zama).

Sai na ji ƙas.

Daidai lokacin dangin ango suka yi sallama, yayarsa Hajiya Binta na gaba. Ta dube ni a kan buhu, ta dubi abin da ke ƙasa.

"Gwaggo, lafiya? Mi ake yi haka?"

"Direba ya tanƙwara mana ita, muna miƙewa."

Ta fita tsakar gida, ta roƙi wata baƙuwa ta ɗaga, ta zaro kwalin daga ƙarƙashinta ta kawo mini. Ga hoton talabijin nan ɓaro-ɓaro, a lanƙwashe, taɓaryar nan kuma kwance a gabanta.

"Haka ake yin su yanzu, Gwaggo. Wanga dogon kuma shi ne lasifikar."

Da ƙasa za ta tsage da na shige da buhun gaba ɗaya. Aka ɗaga, gilashin ya dare tun daga sama har ƙasa. Ta miƙe kam, wannan ba a ƙwace mini ba.

Har yau haushin masu ƙera abin nan nake ji. Shekara da shekaru talabijin na da ƙeya, a shimfiɗa mata ƙyalle a ɗora fulawa. Kuka sirance ta muka yi shiru, kuka cire maɓallai muka yi shiru, sannan ku tanƙwara ta ba sanarwa? Amma haushin bai hana Hassana tarewa da bango fayau ba, bai kuma hana ni zuwa gidan Malam Sabi'u ba da haƙuri ba. Ya ce ya yafe, sai dai har gobe in ya gan ni a bakin titi ba ya tsayawa.

Yanzu in ana jere kicin ake tura ni. Can ma ko murfin tukunya na gani a karkace, sai na kira Larai na tambaye ta ko haka aka yi shi.