Kunyoyi Uku na Gonar Saje Nomau

A wani daji da ke tsakanin kogi da wani dogon tsauni, akwai ƙauyen dabbobi manoma da ake kira Gindin Ɗorawa. Nan ne Saje Nomau, wani gwanki mai ƙaho ɗaya da rabi, ya komo bayan ya shekara ashirin da biyu a rundunar Zaki yana yaƙi da biran tsauni. An sallame shi da lambar yabo da sabuwar garma, aka ce ya je ya huta. Shi kuwa ba hutu ne a ransa ba. Gonar ubansa yake so, wadda yayarsa Marka ta riƙe ita kaɗai tun ranar da ya tafi. Duk tsawon shekarun nan, in wuya ta yi wuya a bakin daga, gonar nan yake tunawa ya ji sanyi.

Labarin rabin ƙahon nan kuwa babu wanda bai ji shi ba a garin, don Saje ba ya gajiya da ba da shi. Wata rana, in ji shi, suka fasa wani kogo na birai, suka tarar da dammunan gero jibge har rufi. Da ya duba ɗaurin wani dami sai ya gane shi. Igiyar kaba ce, ƙulli biyu, an cusa wutsiyar ta ƙasa, irin ɗaurin da ubansu ya koya musu shi da Marka, ba wani gida da ke yin sa. Nan take ya san birai sun kai hari garinsu sun washe rumbun ubansa. Idonsa ya rufe, ya yi kan shugabansu, wani gwaggon biri mai suna Jatau, ya soke shi a cinya. Jatau kuma ya ɗaga dutse ya sauke masa a ka, ƙaho ɗaya ya karye. Duk lokacin da Saje ya kawo nan a labarin, sai masu sauraro su sunkuyar da kai, Marka kuma ta tashi ta ce bari ta duba tukunya. Shi a ganinsa girmamawa ce, har yakan ji daɗi.

Noma dai ya karɓe shi, ko da yake da ɗabi'ar bariki ya shige shi. Kafin zakara ya yi cara yana gona. Kunyoyinsa a miƙe suke kamar an jera soja a fareti, in ɗaya ta karkace sai ya rushe ta ya sake huɗa. Maƙwabta suna dariya suna cewa ciyawar gonar Saje ma sai ta nemi izini take fitowa. Bai damu ba. Na duƙe tsohon ciniki ne, kuma ya tarar ƙasa ta fi manyan hafsoshi cika alkawari.

Tun lokacin shuka ya lura da wani abu. A kowace gona, kunyoyi uku na gefen da ke kallon tsauni an kafa musu kara an ƙulla ciyawa a kai. Ya tambayi yayarsa.

"Na baƙi ne," in ji Marka, ba ta ko ɗago ba. "Kowace gona tana da su. Ka bar su yadda ka gan su."

Saje ya ji garinsu ya ƙara girma a idonsa. Ashe har yanzu akwai inda ake ware wa matafiya da mabukata rabo tun daga shuka! Ya ce ai abin da za a bayar don Allah bai kamata ya zama na baya ba. Takin da ya fi kyau can ya kai shi. Da noman firi, wato na farko, da maimai, daga kunyoyin nan yake farawa. Da kaka ta gabato, babu zangarniya a duk garin da ta kai tasu kauri, har masu wucewa suna tsayawa kallo, sai dai ba mai cewa uffan.

Ranar da Sarkin Noma ya sa aka buga gangar girbi, Saje ya fito da hantsi ya ga abin da bai gane ba. Kowa ya girbe kunyoyinsa uku kaɗai, ya ɗaure, ya tsaya a bakin gona kamar mai jiran biki. Can sai ga Dila, magatakardan majalisa, yana tafe yana cewa a ba da hanya. A bayansa birai ne a jere, sun fi hamsin, da rana ƙiri-ƙiri, kowane da gammo a ka. Mai jan su wani tsohon gwaggon biri ne yana ɗingishi.

Lauje ya suɓuce daga hannun Saje. Ya murza ido, ya sake dubawa. Ya waiwaya ko zai ga wani ya ruga ɗauko sanda, sai ya ga maƙwabcinsa Jaki yana taya wani biri ɗora dami yana ce masa ya gai da gida.

Tsohon birin ya iso bakin gonar, ya tsaya ya ƙare masa kallo, sai ya washe baki.

"A'a! Saje, ashe kai ne? Ashe nan ne garinku? Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ya ƙahon? Ni dai cinyar nan in damina ta yi sai addu'a."

Abin da jikin Saje ya sani shi ya yi: ya sunkuyar da kai, ya saita ƙahon da ya rage, ya tare bakin kunyoyin. Mata suka sa salati. Dila ya ce babu wanda zai motsa, magana ta koma majalisa.

Aka hallara a gindin ɗorawa. Kunkuru, Sarkin Noma, ya ɗauki lokaci kafin ya fito da wuyansa, sannan ya yi gyaran murya.

"Nomau ɗana, mun yi murna da komowarka, kuma garin nan yana alfahari da kai. Amma baƙo ko da ido makaho ne, kai kuwa shekara ashirin da biyu ta mai da kai baƙo. Yaƙi na Zaki ne, can yake a bakin iyaka. Nan gona ce. Zaki ya ce mu ba shi samari da gero, muna ba shi, ba mu taɓa fashi ba. Tsauni ya ce mu ba shi kunyoyi uku, muna ba shi. Kowa ya sami nasa, kuma tun da aka fara ba a taɓa ƙona mana ko rumbu ɗaya ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. In kai ka hana naka, ba kai kaɗai za a tambaya ba, gari za a tambaya. Saboda haka doka ta ce gonar da ta hana kunyoyinta ta koma hannun majalisa. Ba don kai aka yi dokar ba, ka tarar da ita."

"Ranka ya daɗe," in ji Saje, "Zaki ya san da wannan?"

Dila ya karɓe. "Zaki bai taɓa tambaya ba, Saje, mu kuma ba tarbiyyarmu ba ce amsa abin da ba a tambaye mu ba. Kuma a daina cewa abokan gaba a wannan majalisa, kalmar tana da nauyi. A wurinmu baƙi ne. Malam Jatau ma Wakilin Sulhu muke ce masa."

Saje ya miƙe tsaye, ya dubi fuskokin da ya tashi tare da su ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a, ni ba mai iya magana ba ne, umarni na saba ji. Mu goma sha ɗaya muka bar garin nan rana ɗaya, kun raka mu har bakin kogi da kiɗa. Ni kaɗai na dawo. Ɗan Jaki a hannuna ya cika, yana ce mini in gaya wa babansa bai gudu ba. Mun sha yi wa tsaunin nan ƙawanya wata uku, wata huɗu, manyanmu suna cewa yunwa za ta sauko da su. Ba ta taɓa sauko da su ba. Muna ta mamakin inda suke samun abinci. Ashe a tukunya ɗaya ake dafa mana! Ku gaya mini, don Allah, waɗannan goman da muka binne, me suka je karewa?"

Jaki ya juya yana kallon kogi. Jatau ne ya yi tari ya ce, "In an ba ni dama. Saje, kada ka ɗauke ta da zafi. Ni ma fa ritaya na yi, bara aka sallame ni saboda cinyar nan, shi ne aka ba ni wannan ɗan aikin in rufa wa kaina asiri. Mu ma a can ana gaya wa yaranmu ku ne ba ku son zaman lafiya. Ni dai abin da zan ce, a duk garuruwan da nake zagayawa, ban ga kunyoyin da aka kula da su kamar naka ba. Aikin soja daban ne."

Wannan yabo ya fi dutsen nan yi wa Saje ciwo. Ya buɗe baki, sai wani tunani ya faɗo masa, ya juya a hankali wajen da mata suke zaune.

"Yaya," ya ce, "damin nan da na gani a kogo. Mai ƙulli biyu."

Marka ta tashi. Ta tsufa fiye da shekarunta, bayanta ya ranƙwafa saboda duƙe. Ba ta sunkuyar da kai ba wannan karon.

"Ni na ɗaure shi, Auta. Ba wanda ya fasa mana rumbu. Da hannuna na ɗaure, da hannuna na ɗora wa mai ɗauka, shekara ashirin da biyu. Ina ɗaure na Zaki in ce Allah ya sa ya kai bakin ƙanena, in juya in ɗaure na tsauni in ce Allah ya sa ya shaƙe su. Kana tsammani ban san inda yake zuwa ba? Shekarar farko na ƙi, aka zo aka kafa kara a tsakiyar gonar Baba za a raba ta. Na ce in ka dawo ka tarar babu gona, ina za ka dawo? Ka ba da rabin ƙaho, ni ban san abin da na bayar ba, don ba a ba da lambar yabo a kansa. Duk ranar da ka ba da labarin nan, tukunyar da nake zuwa dubawa babu komai a cikinta. Yanzu gona ga ta nan, na riƙe maka. In za ka sake ta, sake ta, amma ka dube ni ka sake."

Saje ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, har Kunkuru ya fara gyangyaɗi. Abin ya yi masa yawa, ya rasa wanda zai soka. A bakin daga abokin gaba yana gabanka, naka suna bayanka, a nan kuwa duk wanda ya kalla sai ya ga ya san uwarsa da ubansa. Gwanki sha bara, wanda maharba suka sha auna shi suna kuskurewa, yau bara ta same shi a gonar ubansa.

Ya juya ya nufi gona, jama'a suka bi shi a baya. Ya ɗauki laujensa inda ya faɗi, ya girbe kunyoyin nan uku da ya fi wahala a kansu, zangarniya bayan zangarniya. Ya jawo kaba ya ɗaure. Hannunsa bai san wani ɗauri ba sai na ubansa, ƙulli biyu, wutsiya ta ƙasa. Hawaye na zuba, amma dammunan sun fito a jere, kansu ɗaya. Jatau ya sa aka ɗauka, ya yi godiya, ya ce sai baɗi in da rai.

Kunkuru ya ji daɗi ƙwarai, ya ce dama ya san ɗan gidan mutunci ba ya ba da kunya. Kafin a watse kuma Dila ya matso kusa da Saje ya rage murya.

"Af, na kusa mantawa. Saƙon Zaki ya iso, ana son samari goma sha biyu, jibi za su tashi. Majalisa ta ga babu wanda ya dace ya yi musu jawabin ƙarfafa zuciya kamar kai. Ka sa lambar yabonka. Kuma don Allah ka ba su labarin ƙahon nan, yana tsuma yara."

Jibi ta yi, aka raka samari bakin kogi da kiɗa. An nemi Saje an rasa, sai can aka hango shi a gona shi da Marka suna sheƙe sauran geronsu, ko ɗagowa bai yi ba. Dila ne ya ba da labarin a madadinsa, kuma an ce ya fi mai shi iya bayarwa.

Damina dai ta yi albarka a wannan shekarar. Gero ya ishi kowa, da masu tafiya da waɗanda za su tarar a can.