Rasuwar Mai Kuka, Takalmin Saje Bobbo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya mamaye ɗan gurbin da ya rage mata, ni Ya'u Janfalan, tsohon ɗan doka kuma tsohon mai gadi, nake sanar da jama'ar Ikara da Makarfi da Kudan da ƙauyukan da ke tsakaninsu rasuwar abokin tafiyata, takalmina na aiki, wanda ake kira Mai Kuka. Ya cika ranar Lahadi a ƙarƙashin gadona, bayan jinyar da wasu suka ɗora masa da hannunsu. Sunayensu na nan tafe a ƙasa, kada su ƙosa.

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin rediyo ranar Alhamis bayan la'asar ya san marigayin, ko da bai taɓa sa shi a ido ba. A lokacin ne ake sa wasan Saje Bobbo, ɗan dokan nan mai bin sawun ɓarayi. Ku tuna yadda wasan ke farawa. Babu kiɗa, babu sallama, sai dai a ji tafiya tana matsowa a kan tsakuwa: ƙiiiƙ, ƙwas. Ƙiiiƙ, ƙwas. Sai tafiyar ta tsaya, sannan murya ta ce, "Kowa ya tsaya inda yake." Muryar ta Ilisha ce, mutumin kudancin Zazzau. Tafiyar kuwa ta marigayi ce, ƙafafun da ke cikinsa kuma nawa ne. Na sha faɗar wannan a bakin masallacin Janfalan ana yi mini dariya.

An haifi marigayin a inda ba mu sani ba, ya zo hannuna a Ikara ranar da aka ɗauke ni aikin ɗan doka. Tun ranar farko ƙafarsa ta hagu take kuka. An ce in jiƙa shi, na ƙi. An ce in sa masa mai, na ce wanda ya haife shi bai sa masa ba. Daga baya kurkunu ya kama ni a ƙafar hagu, ya kwantar da ni damina guda, ya tafi ya bar ni ina jan ƙafar. Aka ce ɗan doka mai ɗingishi ba ya kama ɓarawo, aka sallame ni. Takalmin dai ba a karɓa ba, don babu wanda yake son mai kuka.

Da shi na tafi birni na sami gadi a wani gidan rediyo, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda shi ma bai taɓa ambatar nawa ba. Wata rana, ana gab da samun 'yancin kai, ina zagaye a baranda sai aka banko ƙofa, mai shirya wasa ya fito yana kumfar baki, wai kukan takalmina ya ɓata musu aiki. Ilisha ya biyo shi da gudu yana cewa, "Ranka ya daɗe, bari faɗan nan. Malam, don Allah koma can ka sake tahowa." Na koma na sake tahowa. Ilisha ya rufe ido yana saurare, sannan ya ce, "Wallahi Saje ke nan ya iso." Ranar aka zuba tsakuwa a faffaɗan tire aka ajiye gaban makirfo, marigayi ya shiga aikin da ya sa ƙasar nan ta san shi.

Halayensa na gari ba su ɓoyu ba. Bai taɓa makara ba. Bai taɓa mance abin da zai faɗa ba, saɓanin wasu masu takarda a hannu. Ya san tafiyar sanɗa idan Saje na laɓe bayan danga, ya san ta gaggawa idan ɓarawo ya yanka daji, ya kuma san irin tsayuwar nan ta farat ɗaya da ke sa mai sauraro ya bar lomar tuwo a hannu. Bai taɓa neman ƙarin girma ba. Hakkinsa kawai a goge masa ƙura da busasshen tsumma a ajiye shi inda babu laima.

Aikin da ya yi wa jama'a kuwa, masu dariyar ma sun ci moriyarsa. Da kukansa uwaye suka riƙa kwantar da yara: kai, yi shiru, ba ka ji Saje ba? Saboda shi ne har yau idan aka yi sata a ƙauyukanmu, kafin a kira kowa sai an nemi ƙwarya an kife sawun ɓarawon, domin haka Saje yake yi. Magidanta suka koyi shiga gida suna cewa kowa ya tsaya inda yake, ko da akuya kaɗai ce a tsakar gidan. A Kudan an yi wani ɓarawon rake da ya fito daga gona da kansa, hannu sama, don ya ji ƙiiiƙ a bayansa, ashe keken mai kai nono ne da ya rasa mai. 'Yan doka na gaske, masu ƙafa lafiya lau, suka shiga ɗingishi a kasuwar Makarfi don a ji tsoronsu. Na tsaya da idona na ga wanda ya gaji gurbina yana jan ƙafar hagu, ƙafar da aka kore ni saboda ita. Ƙasa guda tana kwaikwayon tafiyar jarumi, ba ta san aikin kurkunun tafkin Janfalan ba ne.

Duk wannan ɗaukaka, idan wasa ya ƙare mai sanarwa sunayen masu murya kaɗai yake karantawa. Har wanda ya fito a matsayin bebe an taɓa faɗar sunansa. Ni da marigayi muna tsaye a kan tire muna ji. Ilisha kan dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri, Malam Ya'u, ni dai na san wanda ke riga ni shiga kowane gida." Da hargitsi ya taso aka dakatar da wasan, Ilisha ya shiga soja, ya tafi bakin daga bai dawo ba. Allah ya ba iyalinsa dangana. Shi kaɗai ne shaidata mai baki. Na naɗe Mai Kuka a buhu na dawo gona, 'yan zaman kashe wando na garinmu suka sa mini suna Sajen Bakin Rumbu.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya faro. Bayan an gama yaƙi, sai direban motar Zariya ya kawo mini saƙo cewa za a farfaɗo da wasan. Wani yaro mai laƙabin Malam Ahmadu, wanda ya dawo daga kwas da wuya ɗaure da igiyar Turawa, shi aka ba aikin. Na ji irin farfaɗowar da yake nufi. Tunda an narka 'yan doka cikin 'yan sanda, Saje zai zama Sufeto. Za a ba shi mota mai jiniya da wayar tarho, zai riƙa jefa Turanci yana kama ɓarayi daga kan kujera. Mutumin da ke cikin mota, ta ina zai ga sawu? Wannan ba tayar da Saje ba ne, tono shi ne a ɗaura masa kwat. Amma akwai abu ɗaya a saƙon da ya hana ni barci: tafiyar nan ta farkon wasa ba za a taɓa ta ba, ana neman mai ita, kuma bisa sabon tsari duk wanda ya sa hannu ko ƙafa a aikin za a karanta sunansa. Sau ɗaya tak nake so in ji an ce Ya'u Janfalan daga cikin akwatin nan, masu dariya suna zaune.

'Yata Lantana ta ji labari. Ta zaro marigayin daga buhu ta ga duk ya tsattsage ya yi fari, ta ji kunyar ubanta ya shiga birni da shi haka. Ba ta gaya mini ba, ta ba da shi aka kai wa Tukur baduku a kasuwar Makarfi. A nan nake roƙon masu karanta wannan sanarwa su gyara zama. Tukur ɗin nan shekara da shekaru yana cusa busasshiyar fata a tafin takalma yana sayar wa angwaye da sunan takalmin Saje. Da kukan marigayi ya yi rufin kwano, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Babu ɗaya cikin kayansa da ya taɓa kamo muryar ta gaskiya, kuma ya sani. Ranar da Allah ya kawo masa asalin har rumfarsa, sai ya ɓare tafin hagu don ya leƙa asiri. Bai ga komai ba, domin babu abin gani. Ya mayar ya ɗinke tam, ya jera ƙusoshi, ya ɗura masa man gyaɗa har ya ƙoshi, ya shafe shi da baƙi. Da na tare Tukur daga baya, ko kunya babu ya ce mini, "Haba Kofur, ai gyara na yi. Wa zai shiga birni da takalmi yana ihu kamar an taka kare?" Ihun da ya ci ya sha da shi ke nan yake zagi. Allah ya isa tsakanina da almakashinsa.

Lantana ta mayar da marigayin buhu ta ɗaure. Ni kuma da takalmin fade na hau mota, don ban saba wahalar da Mai Kuka a hanya ba. Sai a ɗakin ɗaukar magana na kwance buhun, na ga abu yana ƙyalli kamar goshin ango. Ga tire, ga tsakuwa, ga Ahmadu a bayan gilashi ya ɗaga hannu. Na taka. Ƙwas. Na ja ƙafar hagu yadda na saba, shiru. Na sake, na danna, na murɗa, gumi ya jiƙa mini riga. Ƙwas kawai, kamar kowane takalmi na kowane mutum. Ahmadu ya fito yana wani murmushin da gara mari da shi, ya ce, "Baba, ka tabbata kai ne? Don wasu ma sun riga ka zuwa, kowa ya ce shi ne." Wato masu sanye da kayan Tukur. Na ce ya dubi ƙafata. Ya ce rediyo ba ta da ido. Sannan ya ce, "Kada ka damu, Baba. Mun tono wani tsohon faifai a sito, tafiyar tana ciki tsaf. Ba sai mun wahalar da kowa ba." Ya sa aka kawo mini shayi. Ban sha ba.

Tun daga ranar marigayin bai ƙara cewa uffan ba. Na shanya shi a rana ko man zai fita, na binne shi a toka, na kai shi bakin murhu. Ƙamshin man gyaɗa kuwa ya kira ɓerayen unguwa, suka yi ta zuwa dubiya. Suka fara da harshe, suka gangara dunduniya. Ranar Lahadi da na leƙa, ƙafar hagu ta zama raga. Wanda ya kori ɓarayin lardi guda da muryarsa, ɓarayin rumbu ne suka cinye shi yana kwance bai iya ko tari ba.

Ya rasu ya bar igiya ɗaya, ɗayar ta riga shi. Ya bar ƙusoshin Tukur, waɗanda za a mayar wa mai su ta hanyar da zan zaɓa. Ya bar tiren tsakuwa a birni, da tarin 'ya'yan da ba nasa ba a kasuwanni uku, masu kuka da sunansa ba da muryarsa ba. Ya bar ƙafafu biyu marayu. Ya kuma bar Lantana, wadda ta daina cin abinci sosai, kullum sai ta tsuguna a ƙofar ɗakina ta ce, "Baba, so na yi su gan ka fes." Na sani, 'yar nan. Duk wanda na ji ya ɗora mata laifi, shi da ni ne.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar, a bayan rumbuna da ke Janfalan, daidai lokacin da za a sa sabon wasan karo na farko. Ba za a yi salla ba. Liman ya hana, kuma gaskiyarsa. Ba a bukatar kuka, an riga an kashe mai yin sa. Ba a gayyaci Tukur ba, idan kuma ya matsa sai ya zo, ya tuɓe abin da ke ƙafarsa tun daga bakin gari. Ba a gayyaci Ahmadu ba, yana da aikin sa mamaci tafiya. Masu kirana Sajen Bakin Rumbu kuwa an tanadar musu tabarmar gaba.

Maiwada mai shayi ya yi alkawarin kawo akwatin rediyonsa da sabon batir. Za a zuba tsakuwa daga ƙofar gida zuwa bakin ramin. Idan wasa ya fara, marigayi zai yi magana daga cikin akwati alhali yana kwance a gabanku, ni kuma zan taho a kan tsakuwar ba takalmi. Ku ba akwati kunnuwanku, ku ba ƙafafuna idanunku, kowa ya ga ko akwai taku ɗaya da zai saɓa.

Ba za a rufe ramin ba sai wasa ya ƙare. Ana roƙon jama'a kada kowa ya tashi lokacin karanta sunaye, kowa ya tsaya inda yake. Idan mai sanarwa ya gama jero nasa ya yi shiru, Lantana za ta miƙe ta faɗi wanda ya rage.