Rasuwar Hular Kwanona a Hanyar Nyanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da har yanzu ba ya juyuwa, ni Badaru, masinja a wata ma'aikatar tarayya, nake sanar da rasuwar hular kwanona, wadda ta cika ranar wata Talata da safe a kan hanyar Nyanya, bayan shekara bakwai tana kaina.

Marigayiyar baƙuwa ce. Abokin aikina Leonard ne ya kawo mini ita tsaraba daga Kwatano a 1986. Ta ratsa cunkoson Legas shekara biyar, da gwamnati ta tattaro ta dawo Abuja a 1991 kuma ta biyo ni a cikin buhu ɗaya da takardun ofis. Ba ta da yawan magana. Iyakarta "ƙas" idan na ɗaura igiyarta, sai "ƙwal-ƙwal" idan ruwa ya kama mu a hanya.

Ta sha wulaƙanci a garin nan. 'Yan acaɓa sun yi mata ƙazafi, wai da ita ake sace wa mutum arziki. Maƙwabcina Hadi, ɗan acaɓa shi ma, shi ya raɗa mata "tukunyar oga", kullum na fito sai ya ƙwanƙwasa ta don a yi dariya.

Ajalin nata ma ta hannunsa ya zo. Ya biyo hannun da ba nasa ba a guje, da fasinja biyu da buhun siminti, don ƙyashin zagaye. Muka yi taho-mu-gama. Kaina ya daki bakin kwalbati, marigayiyar ta ce "fas", ta rabe biyu. Na tashi da ƙafata. Fasinjojin sun kakkarye, Hadi kuwa yau kwana tara yana kwance a asibiti a Gwagwalada, bai gane matarsa Lantana ba. Saboda Lantana nake yi masa addu'a. Yafiya kuwa, ya farfaɗo tukuna ya nema da bakinsa.

Ta bar ni, da babur mai lanƙwasasshen kai, da matata Indo da 'ya'ya huɗu waɗanda saura ƙiris su zama su ake yi wa gaisuwa.

Za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar, a bayan ɗakina da ke Nyanya. Ba a buƙatar kuka daga waɗanda suka yi mata dariya. Wanda kuma zai hawo babur da kai tsirara ya yi zamansa a gida, rami ɗaya muka haƙa.